Yadda Na Tsine wa Wani Ƙauye a Ireland Ban Sani Ba

Masana tarihi sun ƙarar da tawada mai yawa wajen neman abin da ke raba al'ummai. Wasu sun ce addini ne, wasu sun ce harshe, wasu suka ɗora wa tekuna da duwatsu laifi. Ni kuwa, bayan na ƙare ƙuruciyata da rabin tsufana ina karantar da tarihi, sannan na yi tafiya guda ɗaya tak zuwa Turai, ina sanar da duniya cewa dukkansu sun yi kuskure. Ƙafa ce. Kowace al'umma tana da ɓangaren da ƙafarta ke karkata idan ba a sa mata ido ba, kuma daga nan fitina take farawa.

Na rubuta wannan ne don in huta. Tun da na dawo, ban isa in zauna a majalisarmu ta unguwar Kudai, nan Makka, gaban shagon turaren Alhaji Ɗanladi, in kai kofin shayi baki ba, sai wani ya ce, "Malam Ilyasu, wai da gaske ne ka tsine wa gari guda?" Na ba da labarin da Hausa, na sake shi da Larabci saboda yaranmu haifaffun nan waɗanda Hausarsu ta tsaya a "ina kwana", kuma duk bakin da ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri. A bakin Idi direba har saniya ta mutu. Babu saniyar da ta mutu. Ga yadda aka yi.

'Yata ta uku, Ramla, tana aikin jinya a gidan kula da tsofaffi a wani ƙauye can yammacin Ireland, mijinta Bashir kuma likitan dabbobi ne. Ba zan rubuta sunan ƙauyen ba, tunda ita za ta ci gaba da zama a cikinsa. A nan Makka aka haife ta, a nan ta yi karatu, amma kun san halin takarda: tafiyarta ke da wuya igamarta, wato takardar izinin zama, ta mutu, yanzu garin da aka binne cibiyarta ba ta shigarsa sai da biza, kamar kowace baƙuwa. Kano kuwa a bakina ta fi saninta. Ke nan ƙauyen nan ko ya zama gidanta, ko ta zauna babu gida. Ta kwashe shekaru a can, ana yi mata murmushi a hanya, ana tambayarta ko ta ga yadda ake ruwa, amma babu maƙwabcin da ya taɓa tsallaka ƙofarta. Da ta haihu, aka raɗa wa yaro suna rana ta bakwai kamar yadda aka saba, sai ta ɗage walimar har in zo, ta bi gida-gida ta gayyaci kowa. A waya ta ce mini, "Baba, in ba su zo wannan ba, halas, shi ke nan, ba za su taɓa zuwa ba."

Uwarta, Hajiya Asabe, likita ya hana ta doguwar tafiya, sai ta huce a kan akwatina. Dabino, turaren wuta, yaji, kuka, kilishi, daddawa, da jarkar zamzam. Kayan sawata a jakar hannu suka samu mafaka.

Daga Jidda zuwa Dublin babu abin faɗa, sai dai an ajiye mu a wani filin jirgi mai girman unguwa, inda na yi tafiyar da ta kai ta Mina zuwa Muzdalifa ina neman ƙofa. A Dublin jami'in shige da fice ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce jika. Ya ce in nuna masa hoto, ya duba, ya ce wai kamarmu ɗaya. Yaron a lokacin bai yi kama da kowa ba, amma ban ga amfanin musu da mai hatimi a hannu ba. Wurin kwastan ne aka yi ta. Wata yarinya mai safar hannu ta buɗe akwatin, ta ɗaga ƙullin daddawa, ta ja da baya taku ɗaya, ta ce, "Wannan abin ya taɓa yin rai?" Na gyara tsayuwa na fara yi mata bayanin bishiyar ɗorawa, yadda ake dafa ƙwallon, a rufe shi ya kwana. Ban kai rabi ba ta ce in dai zan rufe akwatin yanzu-yanzu, ta yafe. Kilishin kuwa, wanda bai yi wa kowa wari ba, shi ta ƙwace.

Motar da ta kai ni yamma ta ɓata mini rai a matsayina na wanda ya yi aikin Hajji da yawa a ofishin motocin Kudai. A iya sanina mota ba ta tashi zuwa Arfa sai ta cika, sai an yi rantse-rantse, sai wani dattijo ya sauka neman matarsa. Wannan da lokaci ya yi sai kawai ta rufe ƙofa ta tafi, kujeru fiye da rabi babu kowa, babu wanda ya ɗaga murya. Kowa ya zo sauka sai ya yi wa direba godiya. Na faɗa wa Idi wannan, ya ce ƙarya nake yi. Game da ƙasar kanta, kore ce, kuma ana ruwa. Na gama bayaninta.

Gidan Ramla ɗaki ɗaya ne da falo, don haka aka sauke ni gidan wani tsohon malamin makaranta mai suna Shemus, gwauro, mai ɗakin baƙi. Turancina na littafi ne, na jarrabawa, kowace jimla da kanta da ƙafafunta. Nasa kuwa kamar ana zazzage tsakuwa daga tifa. Sai da na kwana biyu na gane cewa yaren da na karanta shi ma yake yi. A banɗakinsa famfo biyu ne a kwano ɗaya, ɗaya na tafasasshen ruwa, ɗaya na ƙanƙara, kuma ba sa haɗuwa. Mai alwala ya zaɓi irin azabar da ta fi masa. Buta babu, sai da na ari abin da yake ba furanninsa ruwa da shi, ya ba ni bai tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Rana kuma a wannan lokaci na shekara ba ta san ya kamata ba: ka yi la'asar, ka ci abinci, ka yi hamma, ka leƙa taga, tana nan.

Abinci dankali ne. An dafa, an daka, an soya, wani lokaci duk ukun a faranti ɗaya, kamar mutum ya ci tuwo da miyar tuwo. Na yi wa Shemus bayanin abin da ba na ci, ya saurara da ladabi, daga nan kullum safiya ƙwai. A wuri ɗaya kawai muka dace da su: idan an yi maka tayin shayi dole ka ce a'a, a sake, ka ce ka gode, a matsa, sannan ka karɓa kamar an tilasta ka. Nan na ji kamar ina Kano.

Shemus yana da cuta irin tawa, wato idan ya fara tarihi ba ya ganin fuskar mai sauraro. Duk abin da ƙauyen yake taƙama da shi kango ne guda a bakin rafi, tsohon gidan rahibai, wato masu ibadar Kirista da ke barin aure da dukiya su keɓe. Ana gobe jajibirin walima ya kai ni. Ranar ta dace da bikin waliyyinsu na shekara-shekara, wanda duk garin ke fitowa. Kafin mu tafi Ramla ta riƙe mini hannun riga.

"Ya Baba, Allah yihallik, na roƙe ka, kada ka gyara wa kowa magana. Kada ka yi lacca. Ka yi murmushi kawai."

Na ce, "Ni yaushe na taɓa yi wa wani lacca?"

Ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi jariri.

Mun riga mutane isa. A cewar Shemus, wani rahibi ne ya zo wurin da 'yan almajiransa tun ƙasar tana daji, wajen ƙarnin da aka haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Suka kafa bukkoki, suka yi noma, suka zauna suna kwafar littattafai a fatar maraƙi, cikin sanyin nan, da alƙalamin gashin tsuntsu. Na ce masa wannan na gane, mu ma muna da masu irin wannan haƙuri. Wurin ya bunƙasa, sarakuna suka riƙa kawo kyauta, aka gina coci na dutse da wata doguwar hasumiya mai ƙofa a sama, sai da tsani ake shiga. Dukiya ta taru, sai 'yan fashin teku daga arewa suka biyo rafi suka ƙone wurin. Aka sake ginawa, aka sake ƙonewa. Na nuna juyayi a kan muguntar baƙi. Shemus ya yi tari, ya ce a gaskiya yawancin ƙunar maƙwabta ne suka yi, sarakunan gari na gaba, 'yan'uwa, masu addini ɗaya. Na ce wannan ma na gane.

Daga baya wani sarkin Ingila ya rufe irin waɗannan gidaje duka, ya raba filayen ga mutanensa, rufin ya rufta, manoma suka yi ta jidar duwatsun suna katange gonaki. Shemus ya ce rabin cocin yana cikin garken tumakin wani, kowa ya san ko wane ne. Zamanin da aka hana mutanen ƙasar yin ibadarsu a fili, bakin wata 'yar rijiya da ke bayan kangon suke taruwa a ɓoye. Sai yunwa ta zo, dankali ya ruɓe a ƙasa, wasu suka mutu, wasu suka hau jirgin ruwa ba su dawo ba. Har yau a cikin kangon suke binne matattunsu, sabon kabari kusa da na rahibin da ba a san sunansa ba. Ni kuwa na zo ne daga garin da ake rushe tsohon gini a dasa otal kafin ka dawo daga umra.

Aka kira Shemus ya taya jera kujeru, ya bar ni a bakin rijiyar. Ba rijiya ce ta a zo a gani ba, ɗan rami ne da ruwa, an kewaye shi da faffaɗan duwatsu masu zane da ragowar rubutu da ruwan sama ya cinye. Malamin tarihi ba ya iya ganin rubutu ya wuce. Na duƙa na duba na farko, na matsa na biyu, na zagayo, ban gane ba, na sake zagayowa. Carbina na hannu kamar kullum, bakina na motsi da istigfari kamar kullum. Ban yi niyyar komai ba, ban lura da komai ba. Amma ƙafar da ta girma a Makka idan ta ga abu a tsakiya, hagu take barinsa. Haka ta saba tun ina riƙe da hannun mahaifina a ɗawafi.

Da na ɗago, rabin ƙauyen na tsaye a bakin ƙofa, tsit. A gabansu wata tsohuwa a keken guragu, bargo a cinya, sanda a hannu, tana kallona kamar ta kama ni da hannu a tukunya. Ita ce Bridi. Daga baya na fahimci cewa a ƙauyen babu biki, babu makoki, babu gaba, babu sulhu, sai da yardarta.

Ta ce, "Kai yaro. Wa ya yi maka laifi?"

Rabon da a kira ni yaro tun kafin a haifi Ramla. Na yi murmushi, kamar yadda aka umarce ni. Ashe murmushin ya ƙara ɓata lamarin.

Shemus ya zo da sauri ya ja ni gefe. A al'adarsu, in ji shi, mai neman albarka yana zagaya rijiyar ne ya bar ta a damansa, yana bin tafiyar rana. Wanda ya juya ya bar ta a hagu yana motsa baki, tsinuwa yake yi. Da can wanda mai gona ya kora daga gida, ko aka zalunta ba shi da mai tsaya masa, shi ke zuwa ya yi haka, ya ambaci sunan azzalumin.

Na ce, "To ai ni ban ambaci kowa ba."

Ya ce, "Matsalar ke nan. Ba a san a kan wa za ta faɗa ba."

Na tambaye shi ko shi, mai ilimi, ya yarda da wannan. Ya ce ko kusa. Sannan ya tambaye ni sau nawa na zagaya.

Wani manomi mai jan fuska ya matso ya ce idan akwai saura a bakina, don Allah in juya ta wajen 'yan ƙwallon garin gaba. Aka yi dariya, amma irin dariyar da kowa ke satar kallon tsohuwa ya ga ko an halatta. Ba ta halatta ba. Ta buga sanda a ƙasa ta ce abin da aka ɗaura sai wanda ya ɗaura ya warware, in zagaya ta dama daidai yadda na yi ta hagu, in ba haka ba ƙafarta ba za ta taka gidan 'yata ba. Na ce ina neman afuwa, kuskure ne, amma ni Musulmi ne, abu ɗaya kawai nake zagayawa da niyya a duniya, kuma ba a ƙasar nan yake ba. Ramla ta ce kada in yi lacca, don haka na taƙaita, ban wuce tarihin Annabi Ibrahim ba. Kafin in gama an fara ruwa, kowa ya gudu ƙarƙashin bango, bikin ya watse babu wanda ya yi zagayensa.

A gida na tarar labari ya riga ni. Ramla na zaune a tsakiyar buhun shinkafa da tukwanen aro, rago biyu a firjin Bashir, ba ta yi kuka ba, wanda ya fi kukan muni.

"Abu ɗaya na roƙe ka, Baba."

"Murmushi kika ce, na kuwa yi."

"Idan Bridi ba ta zo ba, babu mai zuwa. Ka san wa zai ci naman nan? Ni da Bashir, har shekara ta zagayo."

"To so kike in yi ɗawafi a rijiya? In koma Makka da wace fuska?"

"Kai kana da Makkar komawa," in ji ta, ta tashi ta ɗauki yaronta.

Na kira uwarta ina neman mai goya mini baya. Hajiya Asabe ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Malam, an aike ka cin walima ka je ka kama karatun duwatsu? Shirka dai ban ce ka yi ba. Amma ka san yadda za ka yi yarinyar nan ba ta kwana da shinkafarta ba." Ta kashe. Haka fatawarta take kullum: hukunci a fili, hanya kuma kai ka nemo.

Washegari na ɗauki dabino da turaren wuta na tafi gidan Bridi. Ta yi tayin shayi, na ƙi, ta matsa, na karɓa. Ta ci dabino ɗaya, ta ɓoye sauran a ƙarƙashin bargo. Na sake yi mata bayani, wannan karo a taƙaice na gaske.

Ta ce, "Na ji. Ba zan sa ka yi addu'ar da ba taka ba. Amma jiya saboda kai ban yi zagayena ba, ban kuwa taɓa fashi ba tun ina budurwa. Ɗana yana birni, bayansa ma ciwo yake, wai. Kujerar nan ba ta tafiya da kanta a laka. Ka iya turi?"

Tambayar ta same ni a wani wuri da na daɗe da rufewa. Kafin in zama Malam Ilyasu, kamar yawancin samarinmu na wancan lokaci, da turin arabiyya na ci abinci, wato keken da ake tura tsofaffin alhazai da shi tsakanin Safa da Marwa. Na tura Turkawa, na tura mutanen Jawa, na tura hajiyoyin Sakkwato masu zagin mai turi da bakin da suke addu'a. Na zauna ina juya mas'alar a raina kamar ɗalibi a gaban malami. Mai turi ba shi ke ibada ba, ɗan dako ne. Amma dakon me? Na ce a raina tsohuwa ce mara ƙafa, maƙwabciyar 'yata, tana son a kai ta wani wuri. Na san akwai malaman da za su ɗaure fuska, biyu daga cikinsu ma a majalisarmu suke, sun kuma ɗaure.

Na ce, "Iya, zan tura ki. Amma ki sani, niyyata turi ce kawai. Ba zan ce amin ba."

Ta ce, "Wa ya tambaye ka? Ba kai nake roƙo ba."

Wanda bai tura keke a lakar Ireland da takalmi fes irin na Makka ba, kada ya yi mini maganar wahala. A Harami marmara ce, santsi, keke na gudu da kansa. Nan kuwa ƙafar keke ta nutse, tawa ta nutse, takalmina ɗaya ya zauna a baya, na koma na ciro shi. Akwai wata ciyawa a gefen hanya mai kama da ganyen miya, ta taɓa mini ƙwauri, na ji kamar an watsa mini garwashi. Ruwa na sauka a gicciye. Shemus na biye da lema, ya rufe tsohuwa da kansa, ni kuma abin da ya zubo daga lemar shi ne rabona. Manomin nan mai jan fuska da wasu suka jingina da katanga suna ba da shawara.

Da muka isa bakin rijiyar, wallahi ban ankara ba keken ya fara karkata yadda ƙafata ta saba. Ta kai wa tayar duka da sanda.

"Dama, yaro! So kake ka ƙara mana wata?"

Na juya. Ta fito da nata carbin, mai gicciye, ta shiga nata, ni kuma na shiga istigfari, wannan karo da dalili. Tsakanin addu'a da addu'a tana ba da umarni: a hankali, ka kauce wa kabarin nan, mijina ne, ka taka wancan ba komai, bai taɓa gaishe ni ba. A wani zagayen ta tambaye ni ko mu ma muna da rijiya. Ina haki na ba ta labarin Hajara da jaririnta a kwarin da babu shuka, da yadda ruwa ya ɓuɓɓugo. Ta ce uwa ce ke nan ta samo mana, ba namiji da sanda ba kamar waliyyin da ya samo tasu. Ta ce namu ya fi ma'ana. Sannan ta ce in daina surutu in yi turi.

Da ta ce ya isa, na tsaya ina riƙe da ƙugu. Ta debo ruwan a 'yar kwalba, ta dubi masu jingine da katanga ta ce, "An warware. Gobe kowa gidan yarinyar nan, kuma kada wanda ya zo hannu sake."

Sun zo. Ban san ƙauyen yana da mutane haka ba. Falon da aka shirya musu suka bari, suka cunkushe a kicin a tsaye, wai can ne wurin hira. Kowa da kek a hannu, har aka rasa inda za a ajiye shinkafa. Manomin ya ɗebi yaji da cokali duk da gargaɗin Bashir, ya fita waje ya daɗe, ya dawo ya ƙara. Aka yi ta miƙa jariri hannu-hannu, kowa na gwada sunansa yana karya shi. Bridi ta ɗora shi a kan bargo, ta ce Ramla ta riƙa kawo shi duk mako, kuma shayin gidan bai yi ƙarfi ba, za ta koya mata. Na hangi Ramla a bakin murhu, wasu mata biyu na gardama da ita a kan yadda ake dafa rago, tana mayar musu tana dariya, da irin muryar da take yi wa 'yan'uwanta faɗa a gida. Na fita waje na zauna a kan katanga, ƙwaurina na zafi, na yi wa Allah godiya.

Da na dawo na gabatar da al'amarin a majalisa yadda ya cancanta: tsohuwar gaba tsakanin dama da hagu, mas'ala mai wuyar gaske, da dattijo ɗaya da ya tsaya a kan aƙidarsa bai kuma kunyata 'yarsa ba. An yi kwanaki ana muhawara. Alhaji Ɗanladi ya ce hikima ce, Idi ya ce in yi kaffara ko don kokwanto, ni kuwa na fara tunanin ko ya kamata a koyar da wannan a makarantu.

Jiya Ramla ta bugo waya. Yaro lafiya, maƙwabta sun hana ta sakat. Na tambaye ta lafiyar Bridi. Ta ce tana gaishe ni, kuma yanzu da aka saba matan ƙauyen sun gaya mata: duk shekara sai tsohuwar ta samo baƙon da ya yi laifi. Bara wani ɗan Brazil mai aiki a mayanka ne ya tura ta. Shi laifinsa, zama ya yi a kan wani dutse na bakin rijiyar.